Ƙarar Likita Kan Cutar da Aka Makara Wajen Ganowa

Ƙarar sakaci wajen gano cuta ita ce wadda majinyaci, ko magadansa idan ya rasu, ke kaiwa kotu suna neman diyya daga likita ko asibiti, bisa zargin cewa an duba shi ba a gane abin da ke damunsa ba, ko an ba ciwon sunan wani ciwo dabam, ko kuwa an gane shi bayan lokacin da magani zai yi amfani ya wuce. Ta bambanta da sauran ƙararrakin asibiti ta fuska guda mai nauyi. Idan an yanke ƙafar da ba ita ke ciwo ba, ko an manta almakashi a cikin mutum bayan tiyata, hannun likita ne ya yi ɓarnar, kuma kowa yana gani. A nan kuwa cutar tana jikin mutum tun kafin ya taka ƙofar asibiti. Likita bai sa masa ita ba. Abin da ake tuhumarsa da shi kwanaki ne ko watanni da suka salwanta. Shi ya sa duk inda shari'ar ta zaga, takan dawo kan tambayar da babu mai amsa ta da yaƙini: da an gano cutar a ranar farko, me zai faru?

Amurka ce ƙasar da ta fi ƙididdige wannan matsala. A 2015 kwamitin masana na cibiyar nazarin kiwon lafiya ta ƙasar ya fitar da rahoton da ke cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manyan da ke zuwa ganin likita ba tare da an kwantar da su ba suna gamuwa da kuskuren gano cuta kowace shekara, kuma mafi yawan mutane za su gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. A 2023 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins, ƙarƙashin jagorancin David Newman-Toker, sun ƙiyasta cewa Amurkawa 795,000 ke mutuwa ko samun naƙasa ta dindindin duk shekara ta wannan hanya, 371,000 mutuwa, 424,000 naƙasa. Cututtukan da ke yin wannan ɓarna sanannu ne, waɗanda kowane ɗalibin likitanci ya karanta. Kusan kashi uku cikin huɗu na illar daga rukuni uku take fitowa: cututtukan jijiyoyin jini irin su shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya, cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa irin su sanƙarau da ciwon huhu, sai kuma sankara. Wani nazari na ƙararrakin da aka biya diyyarsu a ƙasar daga 1986 zuwa 2010 ya nuna kuskuren gano cuta ne ya ɗauki kaso mafi tsoka, kashi 28.6 cikin 100 na ƙararrakin, da kuɗi dala biliyan 38.8. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta keɓe ranar kare majinyata ta 17 ga Satumban 2024 ga wannan batu.

Gano cuta aiki ne mai gaɓa-gaɓa. Likita zai ji bayanin majinyaci, ya duba jikinsa, ya jera a ransa cututtukan da ka iya kawo waɗannan alamu, ya aika awo ko hoto, wani ya karanta sakamakon, wani ya mayar da shi cikin fayil, a sanar da mai shi, in abin ya fi ƙarfin wurin a tura shi gaba. A kowace gaɓa igiyar tana iya tsinkewa, kuma sau da yawa ba a hannun mutum ɗaya take tsinkewa ba. Annobar Ebola ta 2014 ta nuna haka a fili. A daren 25 ga Satumba, Thomas Eric Duncan, ɗan Laberiya, ya je wani asibiti a Dallas da zazzaɓi da ciwon ciki da ciwon kai. Ya gaya wa ma'aikaciyar jinya daga Afirka ya zo, ta kuma rubuta a kwamfuta, amma wannan bayani bai yi tasiri a hukuncin da aka yanke ba, aka sallame shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Ya dawo a motar asibiti ranar 28 ga wata, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, kuma a watan Nuwamba asibitin ya yi sulhu da iyalinsa. Wata biyu kafin wannan, a Legas, an fara yi wa wani majinyaci mai suna Patrick Sawyer maganin maleriya. Da Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta ga jikin bai karɓi maganin ba, sai ta koma ta sake tunani, ta zargi Ebola, ta hana a sallame shi duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. A wurare biyun hasashen farko kuskure ne. Abin da ya raba su shi ne, a Legas an koma an tuhumi hasashen kafin majinyacin ya bar asibiti.

A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, ciki har da Najeriya da Gana, abu huɗu ake so mai ƙara ya tabbatar: cewa akwai haƙƙin kulawa a wuyan wanda yake ƙara, cewa an gaza sauke shi, cewa gazawar ce ta jawo cutarwa, da cewa cutarwar irin wadda ake biyan diyyarta ce. Ba a neman hujjar da ta kawar da duk wani kokwanto kamar a shari'ar laifi. Rinjaye kawai ake nema, wato maganarsa ta fi kusa da gaskiya fiye da ta abokin shari'arsa.

Na farkon ba a cika jayayya a kansa ba. Da zarar an yanki kati ko an karɓi mutum a ɗakin agajin gaggawa, haƙƙin ya hau wuyan asibiti, kuma asibiti ne ke ɗaukar alhakin ma'aikatansa. Haƙƙin bai tsaya kan masu farar riga ba. A 2010 wani mutum mai suna Darnley ya je asibiti a Croydon da ke Landan bayan an buge shi a ka. Ma'aikaciyar teburin karɓar marasa lafiya ta ce masa zai jira awa huɗu zuwa biyar, alhali ƙa'idar wurin ita ce ma'aikaciyar jinya ta duba mai raunin kai cikin minti 30. Bayan minti 19 ya gaji ya tafi gida, jini ya taru masa a cikin kwanya, ya samu shanyewar ɓarin jiki ta har abada. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ɗora wa asibitin alhaki saboda bayanin da bai dace ba da aka ba shi a bakin ƙofa.

Na biyun, wato gazawa, shi ne inda mutane suka fi yi wa doka gurguwar fahimta. Doka ba ta ce dole likita ya dace kowane lokaci ba. Cututtuka suna kama da juna, wasu ma sukan ɓoye kansu a farkon lamari, kuma likitan da ya yi duk abin da ya kamata yana iya kuskure. Ma'aunin da ake bi ya samo asali daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila: ba a kiran likita mai sakaci idan abin da ya yi ya dace da aikin da wani rukunin likitoci masu sanin ya-kamata a wannan fanni suka yarda da shi, ko da akwai wasu da za su bi wata hanya. Shari'ar Maynard ta 1984 ta ɗora wannan ma'auni kan gano cuta kai tsaye. Likitoci sun fi zaton tarin fuka ne ke damun wata mata, amma suna tsoron kada ya zama sankarar da ke kisa in aka yi jinkiri, sai suka yi mata ƙaramar tiyatar bincike ba su jira sakamakon awon majina ba. Tiyatar ta taɓa mata jijiyar murya, cutar kuma ta tabbata tarin fuka ce. Kotu ta ce ba su yi sakaci ba, tunda akwai ƙwararrun da za su yi yadda suka yi.

An daɗe ana sukar wannan ma'auni da cewa ya mayar da likitoci alƙalan kansu. A 1997, a shari'ar Bolitho, wadda ta shafi yaro ɗan shekara biyu mai sarƙewar numfashi da aka kira likita ba ta zo ba, alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙarshe a lokacin, suka ƙara sharaɗi: ra'ayin ƙwararrun sai ya zama mai tsayuwa a gaban hankali, in ba haka ba alƙali yana da ikon ƙin karɓarsa. Akwai kuma ƙa'idar cewa ƙarancin gogewa ba uzuri ba ne. Sabon likitan da aka ajiye a ɗakin agajin gaggawa ana auna shi da abin da ake tsammani daga mai riƙe wannan kujera, kuma hanyar kuɓutarsa ita ce ya nemi na gaba da shi idan abu ya shige masa duhu. A aikace, tambayoyin da kotu ke yi ba su da sarƙaƙiya. An tambayi majinyaci abin da ya kamata a tambaye shi? An taɓa jikinsa kuwa? Mace mai shekarun haihuwa da ta zo da ciwon mara da jiri, an yi mata awon ciki don kawar da zaton ciki a wajen mahaifa? Da mutum ya dawo karo na biyu da na uku da kuka iri ɗaya, an sake tunani ko an sake rubuta masa maganin jiya? Da sakamakon awo ya fito da abin tsoro, wa ya gani, wa ya kira mai shi? Alƙali nagari yana kuma tsare kansa daga ruɗin da ke zuwa bayan an san ƙarshen labari, domin hoton ƙirjin da kowa ke ganin tabo a jikinsa yau, bayan an san mai shi ya mutu da sankarar huhu, ba haka yake a idon wanda ya karanta shi cikin hotuna masu yawa shekara biyu da suka wuce ba.

Sharaɗi na uku ne ke kayar da mafi yawan masu ƙara, har waɗanda kowa ya yarda an yi musu sakaci. Da asubahin ranar 1 ga Janairun 1966 wasu masu gadi uku a Landan suka sha shayi, suka kama amai. Suka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta buga wa likita waya, shi kuma, da yake ba ya jin daɗin jikinsa, ya ce su koma gida su ga likitocinsu. Bayan kimanin awa biyar ɗayansu, Barnett, ya mutu. Ashe guba mai suna asenik ce a cikin shayin. Matarsa ta kai ƙara, kotu ta ce lalle likitan ya yi sakaci da bai fito ya duba su ba, amma ta hana diyya, domin shaida ta nuna ko da an kwantar da shi nan take, maganin gubar ba zai kai gare shi a kan lokaci ba. Wannan hukunci yana da ɗaci, amma ana iya kare shi: mutuwar tana tafe ko da sakaci ko babu.

Wahalar gaske tana inda ba a san tabbas ba. A 1977 wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Hotson ya faɗo daga bishiya ya ji ciwo a ƙugu. Asibiti bai gano raunin ba sai bayan kwana biyar, kuma kan ƙashin cinyarsa ya mutu saboda rashin jini, ya samu naƙasa. Alƙalin farko ya gano cewa ko da an yi masa aiki a ranar, kashi 75 cikin 100 naƙasar za ta same shi, sai ya ba shi rubu'in cikakkiyar diyya, fam 11,500, a madadin kashi 25 ɗin da jinkiri ya cinye. A 1987 kotun ƙarshe ta soke wannan. Hujjarta ita ce, tunda rinjaye ya nuna faɗuwar ce ta lalata ƙashin, doka tana ɗaukar hakan tamkar tabbas. Abin da ya rage masa shi ne diyyar azabar kwana biyar.

Sai shari'ar Gregg da Scott, wadda ita ce aka fi tattaunawa. A Nuwamban 1994 Gregg ya nuna wa likitansa, Scott, wani ƙullutu a hammatarsa ta hagu. Likitan ya ce kitse ne kawai, bai tura shi gaba ba. Ashe sankara ce, kuma jinyarta ta yi jinkirin wata tara. Ƙwararru sun ƙiyasta cewa damarsa ta kai shekara goma a raye ba tare da cutar ta dawo ba ta sauko daga kashi 42 zuwa kashi 25. A 2005 alƙalai uku cikin biyar na kotun ƙarshe suka ce ba shi da diyyar wannan, domin tun asali damarsa ba ta kai rabi ba, don haka ba zai iya cewa sakacin ne ya hana shi warkewa ba. Biyu, Nicholls da Hope, suka saɓa. Abin da wannan ƙa'ida ke haifarwa yana da wuyar haɗiyewa. Mai damar kashi 55 da aka yi wa sakaci ya rasa ta zai karɓi cikakkiyar diyya, mai kashi 45 kuwa ba zai karɓi ko sisi ba, alhali sakacin iri ɗaya ne. Ke nan wanda ciwonsa ya fi tsanani, wanda ya fi kowa buƙatar a yi hanzari a kansa, shi ne dokar ta fi bari a tsirara. Duk wanda aka ce masa damar ɗansa ta rayuwa kashi 42 ce zai sayar da gonarsa don kada ta koma 25, kuma abin da mutum zai sayar da gona dominsa ba za a ce ba asara ba ne idan an raba shi da shi. Masu rinjayen suna da nasu dalili, wanda ba na wasa ba ne: alƙaluman masana suna magana ne kan taron majinyata, ba su faɗin makomar mutum ɗaya, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa kusan kowane jinkiri zai zama abin ƙara, kuɗin kuwa daga baitulmalin da ke jinyar sauran jama'a zai fito.

Ƙasashe sun rabu a kan wannan. Kanada a 1991 da Ostireliya a 2010 sun ƙi biyan diyyar damar da aka rasa. Kotunan Faransa kuwa suna biyan ta tun shekarun 1960. A Amurka kowace jiha da nata. Kotun ƙolin jihar Washington ta amince da ita a 1983 a shari'ar Herskovits, mai sankarar huhun da damarsa ta sauko daga kashi 39 zuwa 25. A 2008 ta jihar Massachusetts ta nuna yadda ake lissafin a shari'ar Matsuyama, wanda ya yi shekaru yana kukan ciwon ciki kafin a gano sankarar tumbi ce. An ƙiyasta cikakkiyar diyyar ransa dala 875,000, damar da ya rasa kuma kashi 37.5, sai aka ba iyalinsa dala 328,125 a wannan babi.

Diyyar kanta kashi biyu ce: abin da ake iya lissafawa, kamar kuɗin ƙarin jinya da abin da mutum zai samu da yana aiki da abin da iyalinsa suka rasa na ciyarwa, sai abin da ba ya lissafuwa, wato raɗaɗi da naƙasa. Ana biyan bambancin da jinkirin ya kawo ne kawai, ban da wahalar da cutar za ta jawo ko da an gano ta da wuri. Wasu jihohin Amurka sun yi wa kashi na biyu iyaka. Kalifoniya ta tsayar da shi a dala 250,000 daga 1975, sai a 2023 aka ɗaga shi zuwa 350,000, ko 500,000 idan an rasa rai. Ana kuma rage diyya idan majinyaci yana da hannu a jinkirin, kamar wanda aka ce ya dawo bayan mako biyu bai dawo ba, ko aka rubuta masa awo bai yi ba.

Wa'adin shigar da ƙara yana yi wa irin wannan shari'a illa ta musamman, domin wanda ba a gano cutarsa ba bai ma san an cuce shi ba. A Ingila shekara uku ce, amma ana fara ƙirga ta daga ranar da mutum ya sani ko ya kamata ya sani, ga yara kuma daga ranar da suka cika 18. A jihar New York a da ba haka abin yake ba. A 2010 hoton ƙirjin wata mata mai suna Lavern Wilkinson ya nuna ƙullutu a huhunta, ba wanda ya gaya mata. Lokacin da ta sani, a 2012, cutar ta bazu, wa'adin ƙara kuma ya wuce. Ta rasu a 2013, kuma a 2018 aka yi dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta sa wa'adin masu sankara ya fara daga ranar da suka gano kuskuren. A Najeriya akwai tarkon da ya fi wannan ƙunci: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal don ƙarar jami'i kan abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa, kuma kotuna sun ce kalmar jami'i ta haɗa da hukumomin gwamnati. Dokar tana da togaciya, lauyoyi kuma suna jayayya kan iyakarta, amma iyalin da ke zaman makoki da takaba suna iya rasa damarsu kafin su ma yi tunanin zuwa wurin lauya.

Hanyoyin neman haƙƙi a Najeriya uku ne, kuma kowace da abin da take bayarwa. Babbar kotu ce ke ba da diyya. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda ke iya yi wa likita gargaɗi, ko dakatar da shi har wata shida, ko soke sunansa daga rajista, amma ba ta ba wanda aka cuta ko kwabo. Sai shari'ar laifi, wadda ke buƙatar ganganci mai muni ƙwarai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci adana bayanan majinyata, ta kuma haramta ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. A 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Duk da haka ƙararrakin da ke kaiwa ga hukunci kaɗan ne, kuma dalilin yana cikin hujja. Shari'ar jinkiri shari'ar kwanan wata ce: yaushe ya zo, me ya ce, me aka rubuta, yaushe sakamako ya fito. Duk wannan yana cikin fayil, fayil kuwa yana hannun wanda ake ƙara, kuma sau da yawa layi biyu ne aka rubuta cikin gaggawa. Bayan fayil sai ƙwararren likitan da zai tsaya a kotu ya ce abokin aikinsa ya gaza, abin da ke da wuyar samu a garin da manyan likitocin fanni guda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa malamin wani ne ko ɗalibinsa. A shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006, wata mata da guntun allura ya karye ya zauna a cikinta bayan tiyata ta sha kaye har a Kotun Ƙoli, domin likitocin sun yi bayanin yadda allura ke karyewa ba tare da sakaci ba, kuma ba a kawo shaidar ƙwararre da ta rushe bayaninsu ba. Idan mai guntun ƙarfe a ciki ta rasa, ana iya hango halin da mai kukan jinkiri zai shiga.

Akwai kuma tambayar adalci ga likitan kansa. A 2024 ministan lafiya na Najeriya Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke aiki a ƙasar kimanin 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Likitan da layin majinyata ya kai bakin ƙofa, babu na'urar hoto, ɗakin awo babu wuta, ba za a tuhume shi da rashin yin gwajin da babu shi ba. Amma rashin kayan aiki ba ya ɗauke masa tambaya, da taɓa jiki, da faɗa wa mutum gaskiya cewa wannan ciwo ya fi ƙarfin wurin nan, a tafi gaba. Kuskuren da ya fi yawa a ƙasar Hausa ma bai cika buƙatar na'ura mai tsada ba: kowane zazzaɓi a ce maleriya da taifot, alhali zazzaɓin Lassa da sanƙarau da wasu cututtuka da haka suke farawa, kuma tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi awo kafin a ba da maganin maleriya. Wani lokaci kuma jinkirin ya fi ƙarfin a ɗora wa mutum ɗaya. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara suna ta jijjiga suna mutuwa, maganin maleriya bai yi musu komai ba, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Shari'ar sakaci, da take neman likita ɗaya da majinyaci ɗaya, ba ta da abin cewa a irin wannan. Haka kuma yawancin masu sankarar mama sukan iso asibiti ne bayan sun bi ta kemis da mai maganin gargajiya, damarsu ta riga ta sauka ƙasa da rabi, ta yadda ƙa'idar Gregg za ta rufe musu ƙofa ko da asibitin ya ƙara nasa jinkirin a kai.

Mutane da yawa suna barin maganar ne da cewa kwana ya ƙare, kuma yafiya haƙƙin mai haƙƙi ce. Sai dai fiƙihu bai ɗauki imani da ƙaddara a matsayin abin da ke goge lamuni ba. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba. Ibnu Rushd, a Bidayatul Mujtahid, ya kawo cewa ƙwararren likitan da ya yi kuskure har rai ya salwanta akwai diyya, kuma danginsa na wajen uba ne ke ɗaukarta a wurin mafi yawan malamai, wanda ba gwani ba kuwa ya yi shisshigi ana hukunta shi. Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani kashi biyar gwargwadon gwaninta da izini da kuskure, ya kuɓutar da gwanin da aka ba izini ya kuma ba aikin haƙƙinsa. Malaman Malikiyya sun kuma yi maganar lamunin wanda ke da ikon ceton rai ya bari, wanda shi ne babin da ya fi kusa da jinkirin gano cuta. Rabe-raben nan sun yi kusa ƙwarai da na kotunan zamani tsakanin kuskuren da ba makawa da gazawar da ake biya.

Wasu ƙasashe sun nemi hanyar da ba ta bi ta kotu ba. New Zealand ta rufe ƙofar ƙarar raunin jiki tun 1974, ta kafa asusun gwamnati da ke biyan wanda jinya ta cutar ba tare da sai ya kama wani da laifi ba, ko da yake a batun jinkiri har yanzu sai an nuna jinkirin ne ya jawo illar. Faransa, wadda dokokin farar hula na Nijar suka samo tushe daga nata, ta yi dokar 4 ga Maris 2002 da ta kafa kwamitocin sulhu da asusun biyan waɗanda haɗarin jinya mai tsanani ya afka wa. A Ingila, tun 2014 doka ta wajabta wa asibitocin gwamnati su sanar da majinyaci ko iyalinsa idan an yi kuskuren da ya cutar da shi, su yi bayani, su ba da haƙuri. Asibitin Jami'ar Michigan ya fara irin wannan da kansa a 2001: ya binciki kuskure, ya faɗa wa iyali abin da ya gano, ya yi tayin diyya inda laifin nasa ne, ya kuma kare ma'aikatansa inda ba su gaza ba. Nazarin da aka buga a 2010 ya nuna yawan ƙararrakin da ake kai asibitin, da tsawon lokacin warware su, da kuɗin da yake kashewa a kansu duk sun ragu.